Linzamin da Ye-seul Ta Zaɓa

Talata, 2 ga Disamba, da yamma

Ta yi magana! Ye-seul ta yi magana! Da kunnena na ji, ba labari aka ba ni ba.

Af, ko gaisuwa ban yi ba. Malama Seol ta ajinmu na yamma ta ce kowane shafi a fara shi da rana da yanayin gari, sannan labari ya biyo baya. To ga shi: sanyi, sama ta yi fari fat. Sannu littafi. Ni ne dai Bang Deok-su, tsohon marinin masaƙa, wanda bai koyi riƙe fensir ba sai da furfura ta gama cinye kansa.

Ye-seul jikata ce, 'yar ɗana Gi-tae. Tun bayan babbar jarrabawar shiga jami'a take asibiti, a ɓangaren masu ciwon damuwa, inda sai ka danna ƙararrawa ake buɗe maka ƙofa. Tun ranar da aka kai ta ba ta ce wa kowa uffan ba. Ba uwarta, ba ubanta, ba likita. Kullum ina zuwa, in ɓare mata lemu, in yi ta surutuna ni kaɗai.

Yau ina cikin ba ta labarin kyanwar maƙwabta, sai na ji murya, ƙasa-ƙasa, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"Kaka, sun karɓe mini linzamina."

Lemun ya suɓuce daga hannuna. Na ce, "Wane linzami, 'yar kwikwiyata?"

"Na kwamfuta."

Shi ke nan. Ta mayar da fuska taga.

Nas ɗin ta yi mini bayani. Likita ya yarda a riƙa ba ta ƙaramar kwamfutarta na ɗan lokaci da rana, a babban falo. Amma linzaminta mai igiya ne. "Duk abin da yake da igiya ba ya shiga nan, Baba," in ji ta. Na dubi takalman Ye-seul a ƙarƙashin gado, babu igiyoyinsu. Ban tambaya ba.

Na ce, "Akwai marar igiya?"

Ta ce, "Akwai mana."

Linzami marar igiya! To ta ina yake yi wa kwamfutar magana?

Da na dawo gida tsohuwata, wato matata Bun-i, ta tare ni a bakin ƙofa. "Me ta ce? Ta ce tana jin yunwa?"

"Linzami take so."

"Linzami," ta maimaita, tana dariya, hawaye na zuba cikin tukunyar da ke hannunta. "To tsaye kake yi? Gobe sammako za ka yi, tsohon banza."

Laraba, da rana

Na je kasuwar Gyodong. Shago na uku da na shiga na wata mata ce, Madam Chu, mai tabarau rataye a wuya da murya kamar ta mai tallar kifi. Bango guda duk linzamai ne, wasu har suna walƙiya ja da shuɗi.

"Na ofis ko na wasa, Baba?"

"Na jikata."

"Ita jikar taka aiki take yi ko wasa?"

Na ce wasa. Wannan kam na sani, tunda a kansa ake faɗa a gidan ɗana shekara da shekaru.

"Wane wasa? Yaya girman hannunta? Yaya take kama shi?"

Na tsaya ina kallonta. Yarinyar da na goya a bayana, ga shi ana tambayata hannunta, ban san girmansa ba. Kunya ta sa na nuna wani ƙarami, ruwan hoda, zagaye kamar ƙwai.

"Baba, wannan na masu cike takardu ne."

"Na san jikata."

"To madalla. Kada dai ka yar da kwalin."

Alhamis, da yamma

Ye-seul ta karɓa. Ta juya shi, ta danna sau biyu, ta ja shi a kan tebur. Sai ta ajiye shi a hankali kusa da lemun.

Ba ta ce komai ba.

Juma'a

Ba ta yi magana ba.

Asabar, bayan cin abinci

Gi-tae ya zo cin abinci. Ya rame. Yana zuwa asibitin, amma a baranda yake tsayawa, ya miƙa wa nas kayan sawa ya juya. Yau ya ga kwalin a kan firij.

"Baba, mene ne wannan?"

"Abin da 'yarka ta roƙa."

"Abin da ya kai mu inda muke, shi kake saya mata?"

Na ce, "Me ya kai mu inda muke?"

Uwarsa ta tura masa kwanon miya gabansa, ya zuba masa ido har miyar ta huce. Da zai tafi ya tsaya gaban hoton nan na bango, na ranar da Ye-seul ta cika shekara ɗaya, tana sanye da rigar gargajiya mai launi-launi, fensir a hannunta. Ya daɗe a wurin.

Ba mu yi maganar abin da ya faru ba.

Litinin, 8 ga wata, da rana

Na mayar da ruwan hodan. Madam Chu ba ta ce "ai na faɗa maka" ba. Ta dai sa tabarau ta dube ni ta samansa, wanda ya fi zagi ciwo.

Na ce, "To koya mini."

Ta janyo mini kujera kusa da hitar ɗumama ɗaki. Abin mamaki ba ya ƙarewa! Ashe akwai wani ɗan ƙarfe kamar farcen yatsa da ake soka wa kwamfuta a gefe, shi ne kunnen da take jin linzamin da shi. In za a yi tafiya, sai a ɓoye shi a cikin cikin linzamin. Wasu kuma ba sa bukatar kunnen, amma ta ce waɗannan suna da nawa. Ka motsa hannu, sai kibiyar ta yi tunani kafin ta bi ka.

Na ce, "Tunanin nawa ne?"

"Bai kai ƙiftawar ido ba."

"A kan wannan ake tada jijiyar wuya?"

"Baba, a cikin wasa, kafin ka ƙifta an binne ka."

Ta ɗora mini biyu a tafin hannu. Ɗaya kamar dutse, ɗaya kamar ɓawon ƙwai. Na ce mai nauyin ya fi, tunda a zamaninmu abu mai nauyi shi ne mai ƙarko. Ta ce yara yanzu marar nauyi suke nema, har ɓula shi ake yi don ya ƙara sauƙi. A saya abu da kuɗi, kuma a ce an fi son wanda aka rage masa jiki!

Sai batun wuta. Wani batir ake sa masa irin na agogon bango, wani kuma caji ake yi masa da igiya. Na ce mata inda jikata take ba a shiga da igiya.

Ta cire tabarau. Ba ta tambaye ni ko wane wuri ne ba. Ta ce, "Nas za ta iya yi mata caji a teburinsu. Sau ɗaya a mako ya isa." Sannan ta zuba mini shayin sha'ir.

Talata

Ba ta yi magana ba. Ta ci rabin lemu.

Laraba, da yamma

Madam Chu ta ce kama linzami iri uku ne. Akwai mai kwantar da tafin hannunsa duka a kai. Akwai mai lanƙwasa yatsu kamar ƙaguwa. Akwai mai riƙewa da kan yatsu kawai, kamar yana tsoron zafi. Ta ce in je in gano na jikata.

Shi ya sa yau ban ɓare lemun ba. Na ajiye shi a kan tebur da ɓawonsa, na yi kamar ina karanta jarida. Can sai hannunta ya tafi kansa. Ba ta ɗauka ba. Ta ɗora yatsu, tana ɗan jan shi hagu da dama, babban yatsa a gefe, na nuni yana danna ɓawon a hankali. Ita kanta ba ta san tana yi ba.

Ƙaguwa ce! Jikata ƙaguwa ce!

Hannun nata ya yi siriri. Hannun rigar ya ɗan zame, ta yi maza ta ja shi ƙasa. Na koma kan jaridata.

Alhamis, da safe

Dusar ƙanƙara ta farko ta sauka. An bugo waya daga asibiti kada mu zo yau. Ba su ce me ya sa ba. Ban tambaya ba.

Juma'a

Yau ma.

Asabar, 13 ga wata

Na wanke takalma duka na gidan. Na gyara famfon da ba ya ɗiga. Bun-i ta ce in fita in ba ta wuri kafin in gyara ta ita ma.

Na tafi ajin yamma. Malama Seol ta ba mu jimla mu rubuta, na rubuta kalmar "igiya" a inda ba ta da hurumi. Na goge har takardar ta ɓule.

Lahadi, da yamma

An bar mu mun gan ta. Tana zaune, gashinta a tsefe. Ta dube ni. Kallo kawai, amma kallo ne.

A hanyar gida na gaya wa Bun-i na yanke shawara: zan sayi wanda ya fi kowanne tsada a shagon, na masu kamun ƙaguwa, wanda 'yan gasa suke amfani da shi.

Ta tsaya cak a tsakiyar dusar ƙanƙara. "Ku mazan gidan Bang duk kanwar ja ce. Kowa ya san abin da ya dace da ita. Uban ya sani, kakan ya sani. Ita kaɗai ce ba a tambaya."

"Yaya zan tambayi wadda ba ta magana?"

"Ranar da ta cika shekara ɗaya magana take yi?"



Na tuna ranar sarai. An shimfiɗa mata teburin zaɓe kamar kowane jariri a al'adarmu, inda abin da yaro ya ɗauka shi ake cewa makomarsa: ga zare na tsawon rai, ga kuɗi, ga shinkafa, ga fensir na karatu. Masu ɗakin taron suka ƙara da kayan zamani, har da linzamin kwamfuta, wanda a lokacin ban ma san ko mene ne ba. Aka zaunar da ita. Ta wuce kuɗi, ta wuce zare, ta rarrafa ta cafke linzamin da hannu biyu, ta kai baki. Jama'a suka fashe da dariya. Gi-tae ma ya yi dariya, ya ce a sake, yarinya ba ta gani da kyau ba. Ya zare shi daga hannunta, ya matso da fensir har ya taɓa yatsunta. Ta kama. Mai hoto ya ɗauka.

Hoton ke nan a bangonmu. A gidansu ma akwai babbansa a falo.

Na ce, "Bun-i, ashe kina da kai."

Ta ce, "Ɗaya daga cikinmu dole ya samu."

Litinin, da rana

Na gaya wa Madam Chu abin da nake so: linzami uku, aro, duk na ƙaguwa, duk marasa igiya. Ranar Asabar Ye-seul za ta cika sha takwas. Wanda ta ɗauka zan biya, sauran in dawo da su.

"Baba, nan shago ne ko gidan aron kaya?"

Na ba ta labarin teburin. Sai ta shiga ɗaga na gwaji daga kan kanta. Fari mai sheƙi, wanda ya fi tsada. Shuɗi mai maɓallai da yawa a gefe. Sai wani baƙi mai ɓuli-ɓuli kamar saƙar zuma, fentinsa har ya fara gogewa saboda hannun masu gwaji.

Na ce, "Wannan mummunan fa?"

"Kai za ka zaɓa?"

Na jera shi kusa da sauran biyun.

"In ɗaya ya ɓata, tsohuwarka zan karɓa a madadinsa," in ji ta.

Na ce, "Da kin yi asara biyu."

Laraba, da safe

Na buga wa Gi-tae. Na ce Asabar ya zo ya riƙe mana tire, ni hannuna rawa yake yi. Ya ce wane tire. Na faɗa masa.

Sai ya ce, "Ina da aiki ranar, Baba."

Na ce to.

Alhamis

Na zauna ina wasa da su ukun a kan teburin cin abinci. Baƙin yana da ƙara siririya, farin yana da ƙara mai kauri. Na leƙa cikin ɓulin baƙin da tocila, na ga 'yan hanjinsa kore. Har yanzu ban gane yadda magana take tashi daga nan ta shiga can ba tare da hanya ba. Amma ni da Bun-i ma mukan yi haka, ta gefen tebur.

In ta ajiye su duka kusa da lemu fa?

Asabar, 20 ga wata, da yamma

Bari in rubuta a hankali, kada in tsallake komai.

Bun-i ta dafa miyar ganyen teku ta ranar haihuwa, ta zuba a kula, ga wainar shinkafa. Muka danna ƙararrawa. Nas ta bincika kayanmu kamar kullum. A ƙasan tiren sai ga curin farin zare. Ban san tsohuwa ta sa shi ba.

"Mama, zare ba ya shiga."

"'Yata, ai na tsawon rai ne."

Nas ɗin ta dubi zaren, ta dubi Bun-i. Ta ce, "Zan ajiye mata shi a aljihuna. Ranar da za ta fita, da hannuna zan ba ta."

Muna shiga falo, sai na ji an karɓe tiren daga bayana. Gi-tae ne, da rigar aiki, dusar ƙanƙara a kafaɗarsa. Bai dube ni ba. Uwar yarinyar tana biye da shi.

Ye-seul tana zaune gaban kwamfutarta. Ya ajiye tiren a gabanta, ya ja da baya. Ta dubi linzaman uku a jere, ta dubi wainar, ta dube mu muna tsaye cirko-cirko. Na ga lokacin da ta gane. Ta ɗaga kai, ta kalli ubanta ido cikin ido, abin da ba ta yi ba tun ranar da aka kawo ta nan.

"Ina fensirin?"

Sai Gi-tae ya mayar da hannuwansa biyu bayansa, ya riƙe ɗaya da ɗaya, kamar ɗan makaranta a gaban malami.

"Babu fensir," ya ce. "Wancan karon ma ba shi kika ɗauka ba."

Ban san ko ta taɓa jin labarin ba. Ba ta tambaya ba. Ta miƙa hannu.

Farin ta fara ɗauka. Ta soka kunnensa, ta ja shi, ta danna. Zuciyata ta ce shi ne. Ta ajiye. Shuɗin ko gwada shi ba ta yi ba, ta auna nauyinsa kawai. Sai baƙin. Yatsunta suka lanƙwashe a kansa kamar yadda suka yi a kan lemu. Ta wurga kibiyar daga wannan kusurwa zuwa waccan, fit, fit, fit, har idona ya kasa bi.

"Wannan."

Na ce, "Mummunan?"

"Kaka, kai ne ka kawo mini ƙwai ruwan hoda. Ba ka da bakin magana."

Bun-i ta ƙyalƙyale da dariya har ta dafa bango. Uwar ta rufe fuska da gyale. Gi-tae yana nan tsaye, hannuwa a baya, hawaye na gangarowa, ya ƙi sakin hannun ya share. Ye-seul ba ta ɗago daga kwamfutar ba ta ce, "Baba, ka matsa gefe, inuwarka tana kan allona." Ya matsa. Ta ƙara da cewa, "Ba can ba. Nan." Ta nuna kujerar da ke kusa da ita.

Ta sha miya kwano guda.

Litinin

Na mayar da biyu, na biya ɗaya. Madam Chu ta ɗauko sabo a kwali, na ce a'a, wanda Ye-seul ta taɓa shi za ta riƙe. Ta ce ita ta san baƙin za a ɗauka. Na ce me ya hana ki faɗa? Ta ce, "Da na zama 'yar gidan Bang ke nan."

Laraba

Yau ba ta yi magana sosai ba. Likita ya ce haka abin yake, rana da rana, tafiyar da sauran nisa. Na ɓare lemu. Ta ba ni ɓari ɗaya.

Asabar, 27 ga wata, da rana

Tana gida! An ba ta kwana biyu, kuma nan gidanmu ta ce za ta sauka. A bakin ƙofar asibiti nas ta ciro zaren daga aljihu ta sa mata a hannu. Ye-seul ta juya shi, ta ce, "Kaka Bun-i, wannan ai ya isa shekara ɗari." Bun-i ta ce, "To ki cinye su duka, kada ki rage ko ɗaya."

Gi-tae ya zo da guduma da ƙusa. Bai cire tsohon hoton ba. Ya kafa sabo a gefensa, wanda uwarta ta ɗauka da waya Asabar ɗin da ta wuce: tire, waina, da hannu a kan baƙin linzami.

Yanzu haka tana teburin cin abinci. Ta ba ni linzamin in gwada wasanta na kwamfuta, na faɗa rami tun kafin a fara faɗan. Ta ce ina riƙe shi kamar mai murza tsumma. Ubanta ya karɓa, shi ko ramin bai kai ba. Ta yi dariya. Dariya, da sauti, har da buga tebur!

Ranar Litinin za ta koma. Na sani. Amma yau Asabar ce, kuma Bun-i ta dafa kunun jan wake tukunya guda, ya fi ƙarfinmu. Na tambayi Ye-seul ko in kira mutane. Ta ce, "Kira, amma kada kowa ya tsaya mini a haske."

To zan ajiye fensir in ɗauki waya. Malama Seol, 'yan ajinmu duka, Madam Chu ki rufe shagon nan, maƙwabta har da mai kyanwa, ku taho. Ƙofa a buɗe take, babu ƙararrawar da za ku danna. Ku zo ku ga hannun jikata yana gudu!